Bayan Aikin Leza: Yadda Ido Ke Warkar da Kansa

Gabatarwa

A cikin ayyukan tiyata da ake yi wa ɗan'adam a yau, da wuya a sami wanda ya kai aikin gyaran gani da hasken leza saurin kammaluwa. Mutum yakan shiga ɗakin aiki da tabarau a hannu, ya kwanta, a ɗiga masa maganin kashe zafi a ido, kafin minti ashirin ya fito yana iya duba agogon bango da idonsa tsirara. Hasken lezar kansa ba ya wuce 'yan daƙiƙu zuwa minti ɗaya a kan kowane ido. Wannan sauri ne ya sa mutane da dama ke ɗauka cewa da zarar an tashi daga gadon aiki, magana ta ƙare. Alhali kuwa a lokacin ne ake shiga zango na biyu, wanda ya fi na farko tsawo nesa ba kusa ba. Daga nan ƙwayoyin halittar ido ne ke karɓar aiki daga hannun likita, su shiga gyara na kwanaki da makonni, wani sashen ma har shekaru. Ingancin ganin da mutum zai tsira da shi ya rataya ne a kan yadda wannan gyara ya gudana.

Wannan maƙala za ta bi diddigin abin da ke faruwa a cikin ido daga ranar aiki zuwa lokacin da gani ya daidaita, tare da nuna dalilin da ya sa likitoci ke gindaya sharuɗɗan da wasu majiyyata ke ganin kamar tsanantawa ce kawai.

Koniya: Tagar da Haske Ke Shiga

Duk aikin leza na gyaran gani ana yin sa ne a kan koniya, wato tantanin nan garai-garai mai siffar kifaffen ƙoƙo da ya rufe baƙin ido ta gaba. Faɗinta bai wuce milimita 12 ba, kaurinta kuwa a tsakiya kimanin rabin milimita ne, wato wajen maikiron 540 (maikiron ɗaya shi ne kashi ɗaya cikin 1,000 na milimita). Duk da ƙanƙantarta, ita ce ke yin kusan kashi biyu cikin uku na aikin lanƙwasa haske domin hoto ya faɗa daidai a kan retina, allon da ke can bayan ƙwayar ido. Sauran kashi ɗayan madubin da ke cikin ido ne ke cika shi. Idan ƙwayar ido ta cika tsawo, ko tudun koniya ya yi yawa, sai hoton abin da ke nesa ya haɗu tun kafin ya isa allon. Wannan shi ne rashin hangen nesa. Maganinsa a aikin leza shi ne a ɗan baje tudun koniya ta hanyar kankare wani abu daga tsakiyarta.

Koniya hawa-hawa ce, amma hawa uku ne suka fi shafar wannan bayani. Na farko shi ne fatar sama, mai kaurin kimanin maikiron 50, wadda ta ƙunshi sahu biyar zuwa shida na ƙwayoyin halitta da ke sabuntuwa kusan duk mako ɗaya zuwa kwana goma. Na biyu shi ne jikin tsakiya, wanda masana ke kira sitiroma, wanda ya ɗauki kashi 90 cikin 100 na kaurin koniya. An gina shi ne da zaruruwan wani sinadari mai suna kolajin, waɗanda aka jera su shimfiɗa kan shimfiɗa. Na uku shi ne shafen ciki, sahu ɗaya tak na ƙwayoyin halitta da ke aiki kamar famfo, suna zuƙe ruwa daga sitiroma dare da rana don kada ta kumbura.

Wani abin mamaki shi ne, farin ido ma da kolajin aka gina shi, amma haske ba ya ratsa shi. A shekarar 1957 wani masani ɗan Ingila, David Maurice, ya bayyana sirrin bambancin: zaruruwan koniya sirara ne, kaurinsu ɗaya, tazarar da ke tsakaninsu kuma daidai wa daida, saboda haka haske ke wucewa ba tare da ya tarwatse ba. A farin ido kuwa zaruruwan a cakuɗe suke. Ban da wannan, koniya ba ta da jijiyoyin jini ko ɗaya. Tana shaƙar iskar oksijin ne kai tsaye daga sarari ta cikin hawaye, abincinta kuma daga ruwan da ke bayanta yake zuwa. A nan ne matsalar warkewa take. Idan fatar hannu ta yanke, jiki yakan cike gurbin da tabo, kuma ba wanda ya damu da yadda zaruruwan tabon suka jeru. Koniya kuwa dole ne ta warke ba tare da tabo ba, domin tabo a kanta daidai yake da shafa farar ƙasa a jikin gilashin taga.

Daga Naman Talo-talo Zuwa Idon Mutum

Tunanin sassaƙa koniya don gyara gani ya girmi leza. Likitan ido José Barraquer, wanda ya yi aikinsa a birnin Bogota na ƙasar Kolombiya, ya fara gwada shi a kan mutane a shekarun 1960, inda yakan yanko sashen koniya, ya daskarar da shi, ya goge shi a kan injin, sannan ya mayar. A shekarun 1970 kuma Svyatoslav Fyodorov na Tarayyar Sobiyat ya yaɗa hanyar tsattsaga gefen koniya da wuƙa domin tsakiyarta ta baje. Duka hanyoyin biyu sun yi fama da rashin tabbas game da sakamako.

Sauyi ya zo ne daga ɗakin binciken kamfanin IBM a Amurka. A watan Nuwamba na 1981, Rangaswamy Srinivasan da abokan aikinsa James Wynne da Samuel Blum suka haska wata leza mai suna eksaima a kan ragowar naman talo-talo, sai suka ga ta yanke shi tsaf ba tare da ƙona gefen yankan ba. Hasken wannan leza, mai tsawon zango nanomita 193, ba dafa nama yake yi ba. Tsinka igiyoyin da suka ɗaure sinadaran naman yake yi, sai su tashi kamar tururi. A 1983 likitan ido Stephen Trokel ya gwada ta a kan idanun shanu, a 1988 kuma Marguerite McDonald ta yi aikin farko a kan ido mai gani na ɗan'adam a birnin New Orleans. Kowane bugu na wannan leza yana cire kimanin rubu'in maikiron. Ma'aunin ƙarfin tabarau shi ake kira dayofta, kuma gyaran dayofta ɗaya na rashin hangen nesa yana cin kimanin maikiron 12 a fili mai faɗin milimita 6. Ke nan mai tabarau na dayofta 4 za a kankare masa wajen maikiron 48, abin da bai fi kaurin siririn gashin kai ba.

A yau hanyoyi uku ne suka fi shahara. Ta farko ita ce PRK, wadda hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da ita a 1995. A nan ana share fatar sama daga tsakiyar koniya, a haska leza a kan abin da ke ƙarƙashi, sannan a bar fatar ta sake tsirowa. Ta biyu ita ce LASIK, wadda Ioannis Pallikaris na Jami'ar Kirit a ƙasar Girka ya fito da ita wajajen 1990. A nan ana yanka siririn murfi mai kaurin maikiron 100 zuwa 160, a ɗage shi gefe kamar murfin littafi, a yi kankarar a ƙarƙashinsa, a mayar da shi. Ta uku ita ce SMILE, wadda aka amince da ita a Amurka a 2016, inda wata leza mai saurin gaske ke yanka ɗan faifai a cikin sitiroma, likita ya zaro shi ta wata kafa da ba ta wuce milimita 2 zuwa 4 ba. Fasahar da ta samar da irin wannan leza mai sauri ce ta jawo wa Gérard Mourou da Donna Strickland lambar yabo ta Nobel a fannin kimiyyar fiziks a 2018. Kowace hanya da irin raunin da take bari, saboda haka kowace da irin warkewarta.

Kwanakin Farko: Rufe Rauni

Wanda aka yi wa PRK ya fi kowa ɗanɗana kuɗarsa a kwanakin farko. Koniya tana daga cikin sassan jiki da suka fi yawan jijiyoyin ji, shi ya sa ɗan ƙanƙanin tsakuwa a ido ke hana babban mutum sakat. Idan aka share fatar sama, kawunan waɗannan jijiyoyi sukan zauna a fili. Da maganin kashe zafi ya sake shi, sai mutum ya ji raɗaɗi da zubar hawaye da tsoron haske, galibi na kwana biyu zuwa uku. Don rage wannan ne likita ke ɗora masa tabarau mai laushi na mannawa a ido, wanda ke zama kamar bandeji.

A ƙarƙashin wannan bandeji ana gudanar da aiki mai ban sha'awa. Bayan 'yan sa'o'i, ƙwayoyin halittar da ke bakin raunin sukan saki ƙugiyoyin da suka riƙe su, su baje, su fara rarrafe zuwa tsakiya a matsayin shimfiɗa ɗaya. A can iyakar da koniya ta haɗu da farin ido kuma akwai wasu ƙwayoyin halitta na asali da ke hayayyafa suna turo sababbi. Cikin kwana uku zuwa biyar gefunan sukan haɗu, a cire bandejin. Sai dai sabuwar fatar ba ta da santsi tukuna, kuma inda gefunan suka haɗu yakan faɗo daidai tsakiyar gani. Wannan ne dalilin da ya sa wasu ke ganin idonsu ya ƙara dishi-dishi a rana ta uku ko ta huɗu, har hankalinsu ya tashi, alhali kuwa alama ce ta cewa raunin ya kusa rufewa. Gani mai kyau yakan zo ne sannu a hankali cikin makonni.

Lamarin LASIK dabam yake. Tun da fatar sama tana nan a jikin murfin, raunin da ke fili shi ne siririn layin da ya kewaye shi, wanda yakan rufe cikin kwana guda. Mutum yakan ji zafi-zafi kamar an zuba masa yashi na 'yan sa'o'i, ya yi barci, washegari ya tashi yana gani da kyau. Ba a ɗinke murfin da zare ba. Famfon nan na shafen ciki ne ke zuƙe ruwan da ke tsakani, ya manne shi a mazauninsa. A wannan lokaci murza ido sau ɗaya tak na iya gusar da murfin ko ya sa masa tamoji, shi ya sa ake ba majiyyaci garkuwar roba da zai rufe ido da ita lokacin barci.

Haɗari biyu ne likita ke nema idan ya duba majiyyaci cikin awa 24 zuwa 48 na farko da kuma makon da ke biye. Ɗaya shi ne shigar ƙwayoyin cuta, wanda ba kasafai yake faruwa ba, amma idan ya faru yana iya lalata koniya cikin 'yan kwanaki. Ɗayan kuma wani kumburi ne da aka fara bayyanawa a 1998, inda fararen ƙwayoyin jini ke taruwa a ƙarƙashin murfin. Da yake a madubin likita sukan yi kama da rairayin da iska ta jera, sai likitocin Turai da Amurka suka yi masa laƙabi da yashin Sahara. Idan an gano shi da wuri, maganin ɗigawa yakan kawar da shi. Saboda haka zafin da ke ƙaruwa maimakon raguwa, ko jan ido mai tsanani, ko kwantsa mai kauri, ko raguwar gani farat ɗaya, duk alamu ne na a koma asibiti a ranar, ba a jira ranar da aka sa ba.

Hazo a Cikin Ido

A tsakanin zaruruwan sitiroma akwai wasu ƙwayoyin halitta masu suna keratosait, waɗanda aikinsu shi ne kula da kolajin. A lokacin lafiya su ma garai-garai suke. A 1996 Steven Wilson da abokan bincikensa a Amurka suka nuna cewa da zarar an ji wa fatar sama rauni, takan saki wasu sinadarai da ke sa keratosait ɗin da ke ƙarƙashinta su mutu nan take. Waɗanda suka rage a gefe sai su hayayyafa su cike gurbin. Matsalar ita ce wasu daga cikinsu sukan rikiɗe su koma ƙwayoyin ɗinke rauni irin waɗanda ke yin tabo a fata. Waɗannan ba garai-garai suke ba, kuma kolajin ɗin da suke zubawa ba shi da tsari. Sakamakon shi ne wani dishi-dishi da likitoci ke kira hazon koniya, kuma sunan ya dace, domin mai shi yakan ga duniya kamar safiyar hunturu.

Wannan hazo ya fi faruwa bayan PRK, musamman idan an kankare da zurfi. Yakan bayyana bayan 'yan makonni, ya kai ƙololuwa wajen wata na uku, sannan ya dushe cikin wata shida zuwa shekara guda, yayin da shimfiɗar da ta raba fatar sama da sitiroma ta gama ginuwa ta toshe hanyar sinadaran da ke ingiza shi. Ga mafi yawan mutane ba ya kai ga hana gani. Don rigakafinsa, likitoci kan shafa wani magani mai suna maitomaisin na 'yan daƙiƙu a lokacin aiki, sannan su rubuta maganin ɗigawa na sitiroyid na makonni ko watanni, wanda ake rage shi mataki-mataki. Wanda ya ga idonsa ya yi kyau ya ajiye kwalbar tun lokaci bai yi ba, ya buɗe wa hazo ƙofa. Wanda kuma ya ci gaba da sayen maganin a kemis bayan wa'adi ya cika, ya ɗauko wani haɗarin, domin sitiroyid yana ɗaga hawan jinin ido ga wasu mutane ba tare da sun ji komai ba.

Hasken rana ma yana da hannu. Binciken da Aleksandar Stojanovic da Tore Nitter suka buga a 2001 daga arewacin ƙasar Norwe ya danganta hazon da ke zuwa a makare da lokutan da haskoki masu ƙuna na rana, waɗanda ido ba ya gani, suka fi ƙarfi. Haka nan binciken Khalid Tabbara a Saudiyya a 1999 ya sami hazo ya fi yawa ga masu duhun ƙwayar ido fiye da masu shuɗiya. Ga mazaunin ƙasa mai rana, baƙin tabarau mai tare waɗannan haskoki wani ɓangare ne na magani har tsawon watanni.

Murfin da Ba Ya Haɗewa Sarai

Saurin samun gani bayan LASIK yana da farashinsa. Tun da ba a tayar da ƙwayoyin ɗinke rauni sosai a ƙarƙashin murfin ba, hazo ba ya samuwa, amma kuma haɗewar ba ta da ƙarfi. A 2005 masana a Jami'ar Emory ta Amurka suka auna wannan a kan idanun mamatan da aka taɓa yi wa aikin, sai suka tarar ƙarfin haɗewar a tsakiya bai wuce kimanin kashi 2 cikin 100 na lafiyayyar koniya ba, a gefe kuwa wajen kashi 28. Wannan ne ya sa likita ke iya sake ɗage murfin bayan shekaru idan ana son ƙarin gyara, kuma shi ya sa mummunan duka a ido ke iya gusar da shi ko da an daɗe. Ga ɗan dambe ko ɗan kokawa ko soja, PRK da ba ta da murfi ta fi dacewa, duk da wahalar kwanakinta na farko.

Tun da murfin ba ya ɗaukar nauyi, abin da ya rage a ƙarƙashinsa ne ke riƙe da matsin ruwan cikin ido. Ƙa'idar da aka daɗe ana bi ita ce a bar aƙalla maikiron 250. Idan koniya siririya ce tun asali, ko tana da rauni ɓoyayye, tana iya fara bulluƙowa gaba bayan watanni ko shekaru, gani ya lalace. Theo Seiler ne ya bayyana wannan a 1998, kuma yana cikin masanan birnin Dresden na Jamus da suka samar da hanyar ƙarfafa koniya da sinadarin ribofilabin da haske. Bincike da dama ya nuna cewa a matsakaici koniyar baƙar fata ta ɗan fi ta Turawa siranta. Ƙaiƙayin ido mai tsanani na ƙuruciya, wanda ya yawaita a ƙasashe masu zafi da ƙura, da yawan murza idon da ke biye da shi, su ma suna da alaƙa da raunin koniya. Saboda haka awon kauri da taswirar koniya kafin aiki ba abin wasa ba ne, kuma likitan da ya ce wa mutum idonsa bai dace da aikin ba ya yi masa alheri.

Jijiyoyi da Hawaye

Ƙorafin da ya fi yawa bayan aikin leza shi ne bushewar ido. Hawaye ba na kuka kaɗai ba ne. A kowane lokaci akwai siririn shafe a kan koniya mai haɗe da majina-majina daga ƙasa, ruwa a tsakiya, da maiƙo a sama wanda ke hana ruwan ƙafewa. Maiƙon yana fitowa ne daga ƙananan kafofi da ke jere a bakin fatar ido. Jijiyoyin koniya ne ke jin bushewa, su aika saƙo ƙwaƙwalwa, ita kuma ta ba da umarnin a ƙifta ido a kuma ƙaro hawaye. Yankan murfi yana datse mafi yawan waɗannan jijiyoyi, sai ido ya bushe bai sani ba. Tun da shafen hawaye ne farkon abin da haske ke ratsawa, bushewarsa takan sa gani ya riƙa canzawa, ya washe idan an ƙifta, ya dushe bayan 'yan daƙiƙu.

Jijiya tana sake tsiro, amma da nawa. Binciken da Jay Erie da abokansa na asibitin Mayo a Amurka suka buga a 2005 ya nuna cewa yawan jijiyoyin koniya bai koma yadda yake ba sai bayan shekara biyu ga masu PRK, shekara biyar kuma ga masu LASIK, kodayake alamun bushewa sukan lafa ga mafi yawa cikin wata shida zuwa shekara. Da yake kafar SMILE ƙarama ce, jijiyoyin da take datsewa ba su kai na LASIK ba.

A 2017 aka buga sakamakon wani bincike da hukumomin Amurka suka gudanar ta hanyar tambayar majiyyata kansu. Fiye da kashi 95 cikin 100 sun ce sun gamsu da ganinsu. Amma daga cikin waɗanda ba su da bushewar ido kafin aiki, har kashi 28 sun same ta a wata na uku, kuma daga cikin waɗanda ba su da wata matsalar gani a da, har kashi 46 sun ba da labarin wani sabon abu, galibi da'irar haske kewaye da fitila da dare. Waɗanda hakan ya hana su harkokinsu sosai ba su kai kashi 1 ba. Adadin kaɗan ne, amma ga direban da ke bin hanya da dare, ko wanda ya faɗa cikin 'yan tsirarun da jijiyoyinsu ke warkewa da ciwo mai ɗorewa, ba ƙaramin abu ba ne, kuma haƙƙinsa ne a gaya masa tun kafin ya sa hannu.

Warkewa a Ƙasar Hunturu

Yawancin takardun shawara da ake ba majiyyata an rubuta su ne a ƙasashe masu laima. Wanda zai yi jinyarsa a Kano ko Sakkwato ko Damagaram yana da ƙarin abin lura. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu takan kwaso ƙura daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, laimar iska kuma takan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin 100 da rana. Idon da jijiyoyinsa suka datse ba zai ji wannan bushewa yadda ya kamata ba, saboda haka ba a jiran sai ya yi zafi kafin a ɗiga hawayen roba. A kan babur kuwa, tabarau mai rufe gefe wajibi ne. Fanka da na'urar sanyaya ɗaki da hayaƙin murhu duk suna ƙara ƙafar da hawaye, haka ma ƙura wa waya ko kwamfuta ido, wanda ke rage yawan ƙiftawa da fiye da rabi.

Ruwa ma abin kula ne. A ruwan rijiya da na tanki da na kududdufi ana samun wata ƙwayar cuta mai suna akantamiba, wadda ke da wuyar magani idan ta shiga koniya. Lokacin alwala da wanka a makonnin farko, a rufe ido, a wanke fuska a hankali ba tare da danna fatar ido ba. Hukumar Amurka da aka ambata ta ba da shawarar barin iyo na wata ɗaya zuwa biyu, wasannin da ake gogayya na aƙalla mako huɗu, kwalliyar ido kuma har mako biyu. Kwalli ya shiga wannan sahu, domin daidai kan kafofin maiƙon nan ake zizara shi, ga shi kuma da yawa daga cikinsa yana ɗauke da dalma. Ɗiga ruwan tsirrai ko nono ko ruwan sukari a idon da aka yi wa aiki kuwa, kasada ce da ka iya jawo makanta. Mai niyyar azumi ya tattauna da likitansa kan lokutan ɗiga magani tun kafin a sa ranar aiki. Wanda kuma ya je Indiya ko Masar ko Dubai don aikin, kada ya kamo hanya sai ya yi ziyarar duba ta farko, kuma ya shirya da likitan idon da zai ci gaba da bibiyarsa a gida.

Abin da Leza Ba Ta Gyarawa

Gani yakan ɗauki wata uku zuwa shida kafin ya tsaya sosai, kuma ba a yanke shawarar ƙarin gyara sai bayan haka. Ko an sami sakamako mafi kyau, siffar koniya kaɗai aka sauya. Madubin cikin ido zai ci gaba da taurara da shekaru, don haka bayan shekara 40 tabarau na karatu zai dawo. Ƙwayar idon da ta cika tsawo tana nan da tsawonta, haɗarin ɓallewar retina bai gushe ba.

Abu mafi muhimmanci shi ne hawan jinin ido. Binciken makanta na ƙasa da aka gudanar a Nijeriya daga 2005 zuwa 2007 ya nuna cewa a tsakanin masu shekara 40 zuwa sama, yanar ido ce ke haddasa kashi 43 cikin 100 na makanta, hawan jinin ido kuma kimanin kashi 17. Na'urar auna matsin ido tana danna koniya ne, kuma koniyar da aka rage wa kauri takan ba da adadi ƙasa da na gaskiya, sai cutar ta ɓuya. Haka nan idan yana ta zo a tsufa, lissafin madubin da za a dasa yana buƙatar sanin an taɓa koniya. Saboda haka takardun awon da aka yi kafin aiki da bayansa kaya ne na adanawa, kuma duk likitan idon da mutum zai gani a rayuwarsa ya kamata ya ji labarin aikin.

Kammalawa

Aikin gyaran gani da leza yana daga cikin nasarorin kimiyya na ƙarshen ƙarni na 20, kuma miliyoyin mutane sun amfana da shi. Amma na'urar da ke auna rubu'in maikiron ba ta da iko a kan yadda fatar koniya za ta rarrafo, ko yadda keratosait za su rikiɗe, ko saurin tsiron jijiya. Waɗannan suna bin lokacinsu ne, wanda ya bambanta daga mutum zuwa mutum, kuma ciwon sukari da juna biyu da wasu cututtukan garkuwar jiki suna iya dagula shi. Rabon majiyyaci a ciki shi ne ya ɗiga maganinsa a kan kari, ya kame hannunsa daga ido, ya kare shi daga rana da ƙura da gurɓataccen ruwa, ya kuma cika alƙawarin komawa asibiti ko da yana jin garau. Hausawa sun ce sauri kan haifi nawa, kuma babu inda wannan magana ta fi tabbata kamar a kan tantanin da kaurinsa kimanin rabin milimita ne kawai.